Injiniyan Bakin Kanal

Da ƙanena ya gama difloma a fannin kwamfuta, sai aka tura shi horon sanin makamar aiki na shekara guda a wani ofis tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke biyo kanal yana shayar da shinkafa da tumatir. Ya tafi da rigarsa a goge, takalmi sau-ciki sai ƙyalli.

Kwamfutar ofishin guda ce tilo, an lulluɓe ta da zani saboda ƙura, ba a yaye mata sai an kawo wuta. Wutar kuwa ba ta cika zumunci ba. Oga ya gaji da ganinsa yana hamma, ya ce, "Injiniya, tuɓe takalmin nan ka raka ni gona."

Kafin damina ta faɗi, yaro ya iya dashe, ya iya ciniki da dillalan kwandon tumatir a Kadawa har su yi gumi. Ranar da ya yini cire ciyawa a magudanar ruwa, a littafin rahoto ya rubuta wai ya gyara layin da ya toshe. Malamin da ya zo dubawa ya sa hannu, ya koma Kano da rabin buhu.

Jiya wayar Inna ta faɗa ruwa. Ƙanen nawa ya jujjuya ta, ya ce a tura ta cikin shinkafa, amma 'yar Kura.