Masu Keke Iri-iri a Rumfar Mai Gyara

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka daɗe jingine a zaure suka sake fitowa titi. Ka yi zaman rabin yini a rumfar mai gyaran keke a Jega, za ka gane keke bai da laifi, masu hawansa ne ke da hali.

Ga Magajin Rali, wanda ya gaji keke ƙirar Rali. Mahaifinsa dogo ne, shi kuwa gajere, amma sirdi na can sama inda marigayi ya bar shi. Yana tuƙi ƙugu na rausaya hagu da dama kamar mai tankaɗe, yatsu da ƙyar suke taɓa feda. Mai gyara na ɗauko sifana sai ya zabura: "A'a Malam, wanga sirdi Baba ya ɗaure shi da hannunsa!" Bayan gwiwarsa kullum ciwo, ya ce sanyi ne.

Kishiyarsa shi ne Matsoraci, wanda ya danne sirdi har ƙasa don tafin ƙafa biyu su riƙa taka ƙasa. Gwiwa na neman haɓa, zama irin na kwaɗo. Kafin ya kai Maiyama cinya ta mutu. Alhali abin ba wuya: ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda, ka kai ta can ƙasa. In ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba, sirdi ya zauna. Kuma ya kwanta sosai, kada hancinsa ya dubi sama, don wannan azaba ba a faɗin ta a gaban surukai.

Ɗan albasar Aliero bai san wannan gardama ba. Buhu a kariya, buhu a ƙarfen tsakiya, shi yana gefe yana turawa. Tun da aka fara cire albasa bai zauna a sirdi ba. Maganarsa ɗaya ce: "Ƙara mini iska."

Sai ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, mai keke mai giya. Ya kalli tseren keken Faransa a waya, ya sauke kan keke, ya zaro sandar sirdi har ta wuce layin da masu ƙera ta suka zana don kada ta karye. Yana tafe a duƙe kamar mai neman allura, wuya ya sage, tafin hannu ya yi tsami, ga littattafai a baya. Ko akuya ce ta gitta, sai ya ji kukanta zai san da ita.

Wanda na fi tausayi shi ne Sarkin Ado: madubi biyu, furannin roba, ƙararrawa mai amo, sirdi ya sha rigar ulu. Birki fa? Silifas ɗinsa ne. Duk ƙasar nan an san Aliero da masu ɗori, amma babu wanda ya kai shi sanin hanyar gidajensu.