Bazazzagi a Kan Dusar Ƙanƙara

Bawana Bazazzagi, gaisuwa daga Kano ta Dabo. Labari ya iso mana cewa tun da karatu ya kai ka Faransa ka sami sabon aikin wahala, wai hawa duwatsun Alps da allunan zamiya a ƙafa, kana farautar dusar ƙanƙarar da babu wanda ya taka. Kai ɗin nan da hunturun Samaru kan sa ka kwana da rigar sanyi biyu da kaskon wuta, wanka kuwa sai an haɗa ka da Allah.

A Shamoni, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, akwai motar igiya da ke kai mutum har kan Aiguille du Midi, tsayin mita 3,842, hannunsa cikin aljihu. Bature ya gama yi maka aikin, tikiti kawai za ka yanka. Amma ku kun ce a'a, duk inda inji ya kai jama'a kafin hantsi an tattake ƙanƙarar. Ku sai wadda ta zuba cikin dare, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, wadda yawancinta iska ce, mutum ya nutse har gwiwa yana murna.

To ga yadda aka ce kuna yi. Ku tashi tun kafin asuba da fitila a goshi. Ku manna wani ƙyalle a ƙasan allunan, na gashin akuyar Angora ko na nailan, gashin ya kwanta gefe guda: in ka tura ƙafa gaba ya zame, in za ka sulale baya ya cije. Ku saki diddige, ku yi ta ja kuna haki, awa uku, awa huɗu. In an kai sama a ɓare ƙyallen, a kulle diddigen, a gangaro cikin 'yan mintuna. Shi ke nan fa, an tashi kasuwa. Na kai wannan lissafi Kantin Kwari, ko yaron shago bai ga riba a ciki ba. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma ku gudun kawai nake gani, ina zomon?

Har an ce kana harin doguwar hanyar nan daga Shamoni zuwa Zamat ta Suwizalan, tafiyar kusan mako guda, ana kwana a bukkokin kan dutse, jere da baƙi kowa da irin minsharinsa. Mutumin da Kufena ma sai ya huta sau uku.

Yanzu ka ajiye nahawu ka saurara, don maganar gaba ta fi ƙarfin wasa. Zaftarewar ƙanƙara na kashe kimanin mutum 100 duk shekara a Alps, kuma galibinsu su ne ko abokan tafiyarsu ke tayar da ita da nauyin jikinsu. Sabuwar dusar da kake kwaɗayi ba ta gama kama tsohuwar da ke ƙasanta ba, iska kuma ta tara ta a gefen dutse ta yi falle guda. Ka taka, fallen ya tsage ya tafi da kai. Gangaren da ya fi haɗari shi ne mai karkata digiri 30 zuwa 45, wato daidai wanda ya fi daɗin zamiya. Hukumomin Turai na auna haɗarin daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke aukuwa. A mataki na 5 ko mahaukaci ba ya fita. Na 3 kuwa na san ka, za ka gyara tabarau ka ce ai uku cikin biyar an ci jarrabawa, ka tsaya yi wa dutse muhawara kamar kana zauren Tudun Wada. Dutse ba ya jin Larabci, balle Turancin Zage-zagi.

Binciken da masana na Dabos ta Suwizalan suka yi fice a kansa ya nuna waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. In an haura rabin awa, yawanci numfashi ya ƙare. Jirgi mai saukar ungulu ba kasafai yake isowa cikin wannan ɗan lokaci ba. Abokan tafiyarka ne za su tono ka, da 'yar na'urar nan da ake ɗaurawa a ƙirji tana aika sigina, da tsinken laluben da ake naɗewa, da shebur. Saboda haka ka koyi aiki da su tun a fili, kada ka bar na'urar a jaka don tsimin batir, kuma ka duba wa kake bi. In ka tarar da ɗan garinku cikin ayarin, ka sauya ayari, don kafin ya gama fassara takardar bayanin na'urar an wuce wurin.

Sannan kuɗin sharata na bana har yau ban gani ba. Ka turo su kafin ka sake hawa, da yuro ba da naira ba, don ni ba zan saɓi shebur zuwa Faransa neman haƙƙina ba.