Mu da Littattafan WAEC a Ƙetaren Gada

Mu nan ƙetaren gada, daga Kakuri da Makera har Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, da an ce WAEC ta matso sai kowane gida ya ɗau harama. Abin da muka saba shi ne a tura yaro kasuwa ya sayo ɗan littafin nan na taƙaitawa, ya zauna ya haddace shi tas kamar karatun allo. Asalin littafin kuwa guda ɗaya ne a layi, bangonsa ya yage, an ɗaure shi da salatif, yau yana gidan Maman Biyu, gobe yana gidan Baba Tela.

Abin da ke ci min rai shi ne, wallahi yaranmu sun iya nazari. Ku zauna teburin mai shayi da magariba a ɗauko zancen The Lion and the Jewel na Wole Soyinka. Wannan ya ce Lakunle, malamin makarantar da ya ƙi biyan kuɗin auren Sidi, rowa ce kawai ya lulluɓe da boko. Wancan ya ce a'a, Yaya, dagacin garin, tsoho Baroka mai shekara 62, ne ya yi mata wayo, da ya sa aka baza labarin wai ƙarfinsa ya ƙare. Kowa da hujjarsa, har shayi ya huce. To ai abin da mai duba takarda yake nema ke nan: faɗi ra'ayinka, kawo abin da ya faru a littafin, nuna yadda ya tsaya maka. Amma da an miƙa musu biro sai su ajiye nasu tunanin, su zubo haddar wani.

Kuma muna da gatan da wasu ba su da shi. Tun da masaƙar KTL ta buɗe a 1957, Kakuri ta tara Bayarabe da Ibo da Bajju da Gbagyi da Bahaushe a tsakar gida ɗaya. Yaron da bai gane sarautar Baroka ba, ga Iya mai wake nan, ta san irin waɗannan dagatan tun tana yarinya. Ko Wuthering Heights na Emily Brontë, da ya fito a 1847 can Ingila, labarin yaron riƙo ne da aka wulaƙanta ya girma da ramuwa a zuci. Wace unguwa ce ba ta san wannan ba?

Turancin na da wuya, gaskiya ne, littafi ma ya yi tsada. Don haka, iyaye, mu haɗa kuɗi gida uku a sayi cikakken littafi. Yaro ya karanta babi, ya ba ku labarinsa da Hausa, ku yi masa gardama, sannan ya zauna ya rubuta shafi ɗaya da Turancinsa.