Dangwali

Tun ba a datse gulbin Rima a Goronyo ba, lokacin da fadama ke shan ruwa yadda ta ga dama, damina na zuwa da jangali. Hakimi ke tarawa ya kai baitulmalin En'e a Sakkwato. Sardauna Ahmadu Bello kansa ya yi wannan aiki, bayan an naɗa shi Sarkin Raba a 1934. Ana biya ne bisa kan kowace saniya, saboda haka duk maganar ƙirga ce.

Tsofaffin ƙasar Raba suna ba da labarin wani yaron kiwo. Shanun da yake bi ba nasa ba ne, na wani attajiri ne cikin gari. Ladansa fura da nono, da riga ɗaya ran Sallah, da alkawarin karsana in ya cika shekara biyu.

Wata Laraba da almuru maigidan ya iso ruga, ya ja shi gefe.

"Gobe malamin jangali zai zo. Kafin asuba ka kora rabin shanun cikin kyauro, can bakin gulbi. In ya tambaya, ka ce 40 ne."

"Baba, in aka gane fa?"

"Ina raye? Ni ne gatanka."

Yaro ya kwana cikin taɓo har gwiwa, sauro na cinsa. Shi kuwa maigida ya yi sammako, ya tafi Wurno ziyarar kabarin Sarkin Musulmi Bello.

Da hantsi malami ya iso da dogari. Ya ƙirga, 40 cif. Ya rubuta, ya miƙo tawada, yaro ya dangwala babban yatsansa. Har malami ya sa ƙafa a likkafa sai maruƙa suka fara kuka. Ya sauko ya nufi dangwali, igiyar nan mai hannuwa da ake ɗaure maruƙa a jere. Ya bi ta hannu hannu yana lissafi. Maruƙa sun fi iyayensu yawa. Can cikin kyauro kuma wata saniya ta amsa wa ɗanta.

A gaban alƙali maigida ya zo da farar riga, da carbi a hannu. Ya ce ranar ba ya gari, kuma mutum goma sun gan shi a Wurno, gaskiya ne kuwa. Ya ce bai taɓa hana hukuma haƙƙinta ba, ya zube kuɗin sauran shanun nan take. Alƙali ya ɗaga takarda ya tambayi yatsan wa ke kai.

Yaro ya dubi maigidansa. Maigida yana jan carbi.

Wata shida ya yi a gidan yari. Uwarsa ta sayar da akuyarta tana kai masa dawo.

Da ya fito kaka ta wuce, shanu sun gangara fadama. Ya tsaya daga nesa ya gane su ɗaya ɗaya, har da karsanar da aka yi masa alkawari, ta yi ƙiba. Wani yaro ne ke bayansu, bai kai shi tsawo ba, riƙe da sandarsa.