Tarugun Watan Maris

Akwai wata cuta da ke kama magidanta a Arkilla da zarar sanyi ya fara ja da baya, kuma har yau ban ji an yi mata rigakafi ba. Alamarta ta farko ita ce mutum ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, yana auna gindin katanga da ido. Ta biyu, a ga yara suna shigo da tsofaffin buhunan siminti. Kafin mako ya zagayo an jera buhu ashirin cike da ƙasa, an shaida wa uwargida cewa daga bana an daina sayen tarugu a wannan gida. In ka bi salsalar cutar, yawanci a waya aka kwaso ta. Mutum ya ga wani Bature a Ingila ko Amurka, ƙanƙara ta narke masa, ya fito da safar hannu yana murna lokacin shuka ya zo. Shi kuma namu, yana zaune a Sakkwato fanka na hura masa iska mai ɗumi, sai ya ce ashe lokaci ya yi. Ni ba na adawa da lambun gida, ina ma goyon bayansa. Abin da nake cewa kawai shi ne wanda ya shuka tarugu a Arkilla a watan Maris ya ɗauki kalandar wani ya rataya a ɗakinsa, kuma duk wahalar da za ta biyo baya daga nan ta samo asali.

Tarugu da kansa yana da hannu a wannan yaudara. Mutane suna ganin tunda yana ƙona baki, ai shi da rana 'yan gida ɗaya ne. A ma'aunin yaji da wani Ba'amurke mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912, tarugu yana tsakanin 100,000 da 350,000, inda tattasai ko kusa bai zo ba. Amma duk wannan jarumta a cikin ɗan take. Furensa rago ne na ƙarshe. Kakanninsa daga ƙasashen Amurka masu laima suka fito, jiragen Turawan Fotugal suka watsa barkono a duniya bayan 1492, lokacin da kakanninmu ke yaji da masoro da kimba da citta. Idan zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35, dare ma bai yi sanyi ba, fure yakan bushe ya faɗo tun bai ƙulla ɗa ba. To a yi lissafi. Irin da aka zuba a farkon Maris zai ɗauki mako biyu ko uku kafin ya tsiro, don tarugu ba ya gaggawa. Zai yi mako biyar ko shida a wurin reno, a dasa shi wajen ƙarshen Afrilu, ya fara fure cikin Mayu. Wato an shirya masa ya yi aikinsa mafi laushi a daidai watannin da Sakkwato ke wuce digiri 40 ba tare da wani ya yi mamaki ba. Sakamakon kuwa sananne ne: shuka ta tsaya shar da ganye, kullum da safe a tarar da 'yan fararen furanni zube a bakin buhu, maigida ya sunkuya yana ƙirga su, uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, “Malam, wanga lambu naka na miya ne ko na kallo?”

Ba sai an je jami'a neman hujja ba, ko da yake hanyar jami'ar ce za ta kai mutum wurin hujjar. Duk wanda ya bi titin da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ratsa fadamar Kwalkwalawa, inda masu lambu suka gaji noman rani tun zamanin jigo, kafin injin ban-ruwa ya zo. Haka abin yake a bakin Rima har zuwa Wurno da Goronyo. Waɗannan mutane da lambun suke ci da iyalinsu, kuma suna zuba iri ne a ƙarshen damina, su yi dashe in ruwan fadama ya janye, su bar shuka ta yi fure cikin sanyi. Shi ya sa Ramin Kura da Kasuwar Daji ke cika da kayan gwari cikin hunturu har mai saye ya riƙa yanga, sannan daga Mayu zuwa Yuni kashi ya ƙanƙance, kuɗi ya hau. A nan tarkon yake. Tsadar da ke sa maigida ya fusata ya rantse zai noma nasa, ita ce shaidar cewa waɗanda suka fi shi iyawa ma sun ɗaga hannu a wannan lokaci. An ga haka a 2024, shekarar da tumatir da tarugu suka yi tsadar da wasu gidaje suka koma miyar busasshen kaya, kuma a shekarar ce uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta yi ta kiran kowane gida ya mallaki lambu. Kira ne mai kyau. Sai dai Legas da Sakkwato ba rana ɗaya ke dukansu ba, kuma buhun da ke zaune lafiya a can, a nan gashi yake sha.

Za a ce mini ai gida ba gona ba ne, a gida akwai inuwa, akwai ruwa, mutum na iya lallaɓa shukarsa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don haka bari in tsaya a kanta. Ruwan dai, in ba mai rijiyar burtsatse ba ne, daga kurar mai ruwa yake fitowa, kuma a bazara ne jarka ke tsada. Buhu ashirin da ake shayarwa safe da yamma suna iya shanye abin da zai sayi tarugun wata guda cikin 'yan kwanaki, sai dai maigida ba ya sa wannan a lissafi, don kuɗin ruwa a aljihun cefane yake fita. Inuwar kuma iri biyu ce, kowace da nata sharrin. Gindin katanga, inda aka fi jera buhuna, da safe inuwa ce, amma bulo da daɓen siminti suna shan rana wuni guda su riƙa amayar da ita har tsakar dare, saiwa na dahuwa a cikin buhu kamar ɗan wake a tukunya. Gindin darbejiya kuwa sanyi gare shi, amma shukar da aka ajiye can sai ta yi ta miƙewa siririya tana neman haske, ta manta da abin da aka kawo ta yi. Daga nan sai tausayi ya shigo. Maigida ya ga ganye ya yi yaushi da azahar, abin da tarugu ke yi ko da ƙasarsa jiƙe take, ya ɗauko bokiti ya ƙara, ya sake ƙarawa, a buhun da ya manta bai huda gindinsa ba, har saiwa ta ruɓe. Wani ma sai ya ce yunwa ce, ya kwaso ɗanyen kashin kaji ya tula, ya ƙarasa abin da rana ta rage. Na yarda cewa rumfar zana da ke tare ranar yamma, da ciyawa da aka shimfiɗa a kan ƙasa, suna iya riƙe ran shuka har ruwa ya sauka, kuma tarugu yana iya shekara fiye da ɗaya. Amma wanda ya yi alkawarin miya a Mayu ya kawo ta a Agusta, ya yi wata uku yana jinya ne yana kiranta noma.

Wani kuma zai ce akuya ai ba ta san kalanda ba, ko yaushe ka shuka za ta ci. A nan ma na saɓa. Jar akuyar Sakkwato dabba ce mai tarihi, fatarta ce aka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, kuma dabbar da ta kai wannan matsayi ba ta wahalar da kanta a banza. Da damina ciyawa na ko'ina, da kaka ga harawa ga kara. A bazara kuwa, lokacin da take cin kwali da leda a bakin titi, lambun maigida shi ne kaɗai kore a layin gaba ɗaya, kuma tana iya wuni a ƙofar gida tana jiran yaron da zai fita bai ja ƙyaure ba. Masu cewa yaji zai kore ta sun manta yajin a cikin ɗan yake, ganye ba shi da shi, kuma ɗan ne babu. Kaji sun fi ta ma rashin kunya, domin tsuntsaye ba sa jin zafin barkono sam, da haka ne ma suke yaɗa irinsa a daji. Kazar da ta gama tone buhu neman sanyi, in an yi sa'a ɗa ɗaya ya ƙulla, ita za ta fara ɗanɗana shi. Sannan a je wurin mai akuya da ƙorafi, ya saurara da ladabi har a gama, ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri, dabba ce. Amma kai ma mi ya kai ka shuka yanzu?” Wannan tambaya ta fi ɓarnar ciwo, saboda ba ta da amsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta masu cewa hunturu ma ba aljanna ba ne. Haka ne. Sanyin daren Disamba da Janairu yana sa tarugu ya yi nawa, ƙura tana lulluɓe ganye, darɓa da farin ƙuda suna kawo cutar da ke nannaɗe shi. Shi ya sa ban ce a jira sanyi ya kankama ba. A zuba iri a Satumba, a dasa a Oktoba ko farkon Nuwamba, shuka ta yi ƙarfi kafin iska ta taso, a riƙa wanke mata ganye, a tsinka daga Janairu har zafi ya shigo. Wanda wannan ya wuce shi yana da damina: ya reni iri a inuwa cikin Mayu, ya dasa in ruwa ya zauna. Shi kuwa wanda cutar ta riga ta kama a Maris, hannunsa na ƙaiƙayi, akwai aikin da ya dace da watan. Ya tara kashin awaki a rami ya riƙa yayyafa masa ruwa ya ruɓe, ya cakuɗa ƙasa da yashi, ya huda buhunansa, ya kafa shinge tun kafin a samu abin karewa. In lallai sai ya ga kore, ga kuɓewa da alayyafo da zogale, waɗanda ba sa jin tsoron rana kamar tarugu.

Ba zan ɓoye wa mai bin shawarata cewa tana da nata haɗari ba. Tarugun da aka shuka a kan lokaci yana nuna ne daidai sa'ad da kasuwa ta yi araha, don haka uwargida za ta iya cewa ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma lissafinta daidai ne, sai dai a tuna mata cewa abin da ya yi yawa ana shanya shi a ajiye wa Mayu. Wato in an bari ya yi yawa. Jan tarugu a tsakar gida ba ya ɓoyuwa, matan da suka shigo barka ko gaisuwa za su gan shi, kuma daga ranar sallamar yara ba ta yankewa a ƙofa: “Wai in ji Inna, tana gaishe ku, a sam mata guda biyu ta ɗora miya.” Ba a yi wa wannan shinge, ba a kai ƙararsa wurin mai unguwa, kuma yaron ba ya zuwa da kwanon da zai ci biyu kawai.