Zaɓen Kafireto da Makomar Girar Mai Zaɓe

Kafireto shi ne abin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Ma'aunin da ke ba da ƙonewa mai tsabta shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. A Amurka sababbin motoci sun rabu da shi tun farkon shekarun 1990, babbar gasar tseren NASCAR ma ta bar shi a 2012. Sai dai masu tsofaffin motoci masu silinda takwas suna nan riƙe da abinsu, kuma gardamar wane kamfani ya fi ta sha raba aminai.

Holley ne ya fi suna a fagen tsere. Samfurinsa mai lamba 4150 ya fito a 1957, yana da maƙogwaro huɗu da kwanon mai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Kusan komai a jikinsa ana iya kwancewa a canza, abin da ke faranta ran gwani, ya kuma ba ɗan koyo hanyoyi barkatai na ɓata abu mai lafiya. Edelbrock, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1938, ya gina nasa ne a kan tsarin tsohon Carter AFB. Ana daidaita mansa da wasu siraran sanduna da ake zarowa ta sama ba tare da an zubar da fetur ba, kuma da wuya ya yi yoyo. Rauninsa zafi ne: in an kashe mota da rana tsaka, man cikinsa kan tafasa, tayarwa ta yi wuya, sai an sa masa matashi tsakaninsa da inji.

Akwai Rochester Quadrajet na motocin General Motors da ya fito a 1965, mai ƙananan maƙogwaro biyu da manya biyu, wanda ke tsimin mai har zuwa lokacin da ƙafa ta yi nauyi. Akwai Weber na Bolonya a Italiya, abin alfaharin tsofaffin Ferrari da Alfa Romeo, wanda akan jera da yawa a inji ɗaya, daidaita numfashinsu kuwa aikin mai haƙuri ne. Wanda ya taɓa tsayawa a kan bakanike yana hura Solex na Peugeot 504 da baki ya riga ya san dangin.

Duk wannan gardamar suna ce, alhali girma ne ke kayar da mutane. Ana auna kafireto da yawan iskar da yake wucewa da ita a minti guda. Lissafin ba wuya: a ninka girman inji (a ma'aunin inci kubik) da iyakar juyinsa a minti, a raba da 3456. Injin Chevrolet 350 mai juyi 6000 a minti yana neman wajen 608 a takarda, kuma tunda injin titi ba ya cika cikinsa taf, abin da yake sha a zahiri bai fi 520 ba. Kafireto mai lamba 600 a wannan ma'auni na iska ya ishe shi har da ragi.

An ga abin da ke biyo bayan raina wannan lissafi a kan wani mazaunin Texas mai tsohuwar Chevrolet, wanda ya nemi a sakaya sunansa duk da cewa shi ke rubuta wannan bayani. Ya yi lissafin, ya samu 600, ya sayo mai lamba 850, bisa hujjar cewa shi ya fi kyan gani. Kafireton da ya yi wa inji yawa yana rage saurin iska a maƙogwaro, iska marar sauri kuwa ba ta iya jan fetur yadda ya kamata. Saboda haka da ya taka totur a danja, motar ta yi shiru kamar mai tunanin bashi, har wata tsohuwa a ƙaramar mota ta wuce tana ɗaga masa hannu.

Mataki na gaba a irin wannan larura shi ne ƙara mai. Ya sa manyan jet, salansa ta fara aman baƙin hayaƙi, fulogai suka yi baƙi ƙirin. Daga nan sai matakin leƙe, wanda littattafan gyara ke gargaɗi a kansa in inji na aiki: a cire matatar iska, a sunkuya a kan kafireto, a ja totur da hannu. Inji ya yi atishawa, wuta ta taso ta maƙogwaro. Uwargida ta leƙo gareji ta ce, "Maigida, motar ce ke ƙauri ko kai ne?" Bincike ya nuna shi ne. Gira takan ɗauki watanni kafin ta dawo, kuma a tsawon lokacin mutum yana yawo da fuskar mai mamaki ko a wurin ta'aziyya.

Tsohon bakaniken da aka kai wa motar bai taɓa kafireton ba da farko. Lokacin wutar fulogi ya duba, domin ba kowace atishawa ce laifin mai ba, ya tarar mai motar ya murɗa shi baya a wani gyaran da ba ya son a tuna. Ya daidaita, sannan ya ɗora mai lamba 600 irin wanda maƙogwaronsa na baya ba sa buɗewa sai inji ya nema. Wannan nau'in ne ya dace da mota mai nauyi da giya mai canza kanta. Motar ta tashi da bugu ɗaya, ta yi silo lafiya, hayaƙi ya ɗauke.

Mai lamba 850 kuma an sayar wa wani maƙwabci a rabin kuɗi, bayan an yi masa lissafin dalla-dalla a takarda, ya ce ya gane sarai. Injinsa 305 ne.