Falo Ya Yi Kyau, Kunne Ya Shiga Uku

A zamanin nan ba a cewa mutum ya gina gida sai an shiga falonsa an ga ƙasa na ƙyalli da tayil, sama an yi silin na POP da fitilu kala-kala, tebur na gilashi, dibaida ma ta gilashi. Sannan a kawo hom tiyata mai lasifika biyar da ƙatuwar uwarsu mai ƙugi, a jere su gindin talabijin. Maigida ya gyara zama, ya dubi baƙi, ya danna rimot. Sai ganga ta yi gabas, muryar mawaƙi ta yi yamma, amsa-kuwwa ta bi su a guje, kofunan dibaida su kama karkarwa. Baƙi su ce, "Masha Allah Alhaji, abin nan akwai ƙarfi!" Ƙarfi fa suka ce. Ba wanda ya ambaci daɗi.

Washegari Alhaji ya nufi kasuwa, don shi a wurinsa na'urar ce ta gaza. Yaron shago kuwa ba ya faɗa da arziki. "Ranka ya daɗe, ai waccan ta yara ce. Ga mai wat 5000." Wannan lamba da ake dannawa a jikin kwali da manyan haruffa, da PMPO a gefenta, ta talla ce. Wadda masu sana'a ke dubawa ita ce RMS, kuma in ka lalubo ta can ƙasan takarda, sau da yawa ƙanƙantarta za ta ba ka kunya. Amma Alhaji ya riga ya biya, an ɗora a bayan mota.

Laifin ba na na'ura ba ne, na ɗakin ne. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa guda. A falo mai tsawon mita 5, kafin daƙiƙa ta cika ya bugi bango kusan sau 70, in dai bai gamu da abin da zai shanye shi ba. Tayil ba ya sha, gilashi ba ya sha, siminti mai santsi ma tunkuɗo shi yake. Kunnenka zai ji mawaƙi sau ɗaya daga lasifika, sannan ya ji ƙannensa barkatai daga ƙasa da sama da bango. Ƙara murya a irin wannan ɗaki ƙara yawan ƙannen ne.

A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta samu kanta a wannan hali. Ta gina sabon zauren lacca, amma malami zai faɗi kalma ta yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, neman mafita. Bawan Allah ya dinga dakon matasan kujeru cikin dare daga wani zaure zuwa wannan, yana auna yadda amon ke raguwa, har ya fitar da lissafin da ake aiki da shi yau. Da shawararsa aka gina babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Ni dai da ya biyo ta ɗakin kakanninmu da ya huta da dako. Bangon laka, rufin azara, tabarma a ƙasa, darduma a kanta, labule a ƙofa, ga gado mai rumfa. Rediyo mai batir biyu kacal, amma kowace kalmar Shata sai ta shiga kunne tas, kuntigin Ɗanmaraya kuwa kamar a gabanka yake zaune.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Tsaya tsakiyar falo ka yi tafi ɗaya. In ka ji wani "ziiing" ya biyo baya, ɗakin na da ciwo. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin lasifika da kujera, ka rataya labule mai nauyi mai ninki. Lasifika biyu na gaba da mazauninka su zauna kamar duwatsun murhu, tazara daidai, tsayinsu daidai kunnenka. Ka ɗan janyo su daga bango. Uwar ƙugin nan kuma ka fito da ita daga lungu, don kusurwa kumbura ta take yi har ta danne kowa.

To me ya hana? Araha. Abin da ba shi da tsada ba ya shiga labari. Ka ambaci kafet, Hajiya ta ce, "Haba Alhaji, tayil ɗin da aka kashe wa kuɗi za a lulluɓe? 'Yan ganin ɗaki su ga me?" Kujerun da za su taimaka ma an ƙi cire musu leda tun ranar jere. Lasifika biyun da aka yi don bayan mai sauraro an jero su gaba, saboda a bayan kujera ba mai ganinsu, kowace an aza mata fulawar roba a ka. 'Yan jere ke yanke hukunci, su kuwa ido suke wa aiki.

Akwai kuma injiniyan dangi, wanda ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya zo da shawarar a manne bango da kiret ɗin ƙwai. Kwali ne siriri, ɗan abin da yake sha bai taka kara ya karya ba, ƙugi kuwa ratsa shi yake ya shige gidan maƙwabci. Wanda ya ci riba shi ne kyankyaso, ya samu bene kyauta. Maƙwabcin nan, Allah ya ba shi lada, ya haddace duk waƙoƙin Alhaji daga dukan da bangonsa ke sha, kuma in an ɗauke wuta ba hutu ya samu ba: janareta na bakin taga, dole a ƙure murya don a fi shi.

Iyayen amare, ku nake roƙo. In an zo lissafin kayan ɗaki, a rage lasifika biyu a sayi kafet da labule. Ango kuma ya taimaka, ya cire ledar kujera.